Ranar da Aka Ƙi Shaidar Yaya

Mutanen da suka san yayana a dandamalin wasa a Kaduna, da waɗanda suka gan shi daga baya a akwatin talabijin, sun san mutum ne wanda da ya leƙo, tun bai buɗe baki ba an fara riƙe ciki. Sun so shi ƙwarai, kuma ya cancanta. Abin da ba su sani ba shi ne dalilin da ya raba manomi irinsa da gonar ubansa. Ni na sani, domin a kan bishiyata aka yi abin, kuma ina wurin.

Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, ƙasar auduga da dawa. Mu biyu muka rage wa mahaifinmu, Yaya da ni, ya ba ni shekara goma ko fiye. Tun ina ƙarama na san shi da kwaikwayo. In an kai amfani gida samari suka shirya kalankuwa, shi ake jira. Ya yi duba-gari yana leƙa randar mutane yana toshe hanci. Ya yi Baturen gona da lofen kara a baki, yana tambayar dawa lafiyarta. Ya yi mai awo a kasuwa yana danna babban yatsa cikin tiya yana kallon wani wuri. Maguzawan unguwannin bayanmu sukan zo da matansu tun la'asar su kama wuri. Dagacinmu kansa yakan aika a kira shi, ya ce, "Yi mini ni in gani." Sai Yaya ya yi tafiyarsa, ya yi ɗan tarin nan da yake yi kafin ya yanke magana, dagaci ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance.

Amma in wasa ya tashi, Yaya mutum ne mai kamewa. Ciyawa ba ta kwana a gonarsa. Kuma an yarda da bakinsa. In za a raba hatsin gandu tsakanin 'yan'uwa, ko za a sayar da saniya, ko za a ba wani aron gona, sai ka ji an ce a kira shi a yi a gabansa. Ba ya ƙari, ba ya ragi, ba ya mantuwa. Idon da yake kallon mutane da shi don ya kwaikwaye su, da shi yake riƙe abin da aka yi da abin da aka faɗa. Ya sha gaya mini cewa wannan kiran ya fi masa duk tafin da ake yi masa daɗi.

Sunansa ya fara fita ne da aka yi nunin amfanin gona a Malumfashi, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Aka jera gangunan mai, aka shimfiɗa katako a kai, aka hau da shi ya yi wasa a gaban manya. A nan masu majigi suka gan shi, mutanen nan na gwamnati da ke yawo ƙauye-ƙauye da mota suna nuna hoto mai motsi a jikin farin ƙyalle. Da tsinkar auduga ta zo sai ga su a ƙofar gidansa, Bature ɗaya da wani malami Bahaushe mai yi masa tafinta, da na'urarsu mai ƙafa uku.

Labarin da suke so su ɗauka na manoma biyu ne. Ɗaya mai kirki, yana ware auduga fara tas daga mai datti, in ya kai fuloti, wato inda ake sayen auduga, a ba shi lamba ɗaya. Ɗayan macuci, yana cusa duwatsu a tsakiyar buhu don ya yi nauyi, a ƙarshe asirinsa ya tonu a gaban sikeli. Na kirkin da shi suka zo daga Zariya, wani farin malami mai taushin hannu, wanda ko riƙon fartanya sai da Yaya ya gyara masa. Ba wanda ya san shi a nan, ya yi nasa ya koma. Macucin kuwa Yaya aka ba, domin shi ne zai ba da dariya.

Suka ce ba sai an nemo komai ba, abin da ke gidan ya isa. Gonarsa ce aka ɗauka. Jakinsa ne, mai yagaggen kunnen nan da kowa ya sani. Rigar jikinsa ce ta zuwa kasuwa, da rumbun mahaifinmu a bayansa. Da aka zo wurin duwatsu malamin majigin, mai tafintar nan, ya waiwaya ya gan ni tsaye da goyo, ya ce, "Baiwar Allah, taimaka mana da 'yan duwatsu mana." Na ɗauki ƙwarya na zaga bayan gida na tsinto. Ina dariya na miƙa su. Wallahi ina dariya.

Bayan wasu watanni motar majigi ta iso filin kasuwarmu. Aka kafa ƙyalle, da aka idar da magariba gari duk ya fito. Hoton ba ya magana, malami ne ke riƙe da lasifika yana ba da labari. To, don ya ƙara wa abin armashi, da Yaya ya fito sai ya kira shi da sunansa na yanka, ya haɗa da sunan ubanmu da na ƙauyenmu. "Ku dubi wane ɗan wane, ku ga abin da yake yi!" Wuri ya ɗauki ihu. Wannan ya ce ga jakinsa, wancan ya ce ga rumbun babansa. Yaya kuwa a jikin ƙyalle ya duba dama, ya duba hagu, ya tura dutse cikin auduga, ya shafa buhun kamar mai lallashin jariri. Da aka zazzage a fuloti duwatsu suka zubo, sai ya ɗaga kai sama yana ƙifta ido, wai yana neman inda suka faɗo. Na ga tsofaffi suna share hawaye don dariya. Ni ma kaina ya yi girma ranar, ina cewa a raina yayana ne.

A waje abin alheri ya zame masa. In ya shiga kasuwar Funtua, Yarabawa masu atamfa sukan miƙe su ba shi kujera, suna kiran, "Baba mai dutse, sannu da zuwa!" A Kafur da Dandume akan tare shi a ce don Allah ya ɗan ɗaga kai sama sau ɗaya. Makarantu suna aikowa a ɗauke shi ya yi wasa. A gida kuwa wani abu ne daban ya fara, a hankali. A fuloti kowa hannu ake zurawa a buhunsa a wuce, na Yaya sai an zazzage shi ƙasa kaf. Ya ɗauka raha ce, har yana taya su. Aka sayar da saniya a unguwarmu ba a kira shi ba. Aka raba gandun wasu maƙwabta ba a kira shi ba. Ni na riga shi lura, ina cewa a raina zai wuce.

Sai maganar ɗorawa ta taso. Mahaifinmu kafin ya rasu ya yanka mini gayauna, 'yar gonar kaina, da bishiyar ɗorawa a gefenta. Da kalwarta nake daddawa in riƙe 'ya'yana. Iyakar da ke tsakaninmu da maƙwabcin gona layin ciyawar gamba ce, kuma bishiyar tana ta cikin nawa. Daminar da na haihu ban leƙa gona ba, ina jego, mijina kuwa baƙo ne daga wajen Kafur, bai san tarihin wurin ba. Ashe a wannan daminar maƙwabcin ya cire gambar ya sake dasa ta ta wannan gefen. Da bazara ta yi ɗorawa ta nuna, na je da ƙugiyata na tarar da mutanen gidansa suna kaɗo. Suka ce in dubi gamba.

Maganar ta kai gaban dagaci. Maza suka zauna a inuwar ƙofar gidansa da hantsi, ni kuma aka ba ni wuri a bakin zaure, bayan zana, inda nake ji kuma nake hangensu. Mahaifinmu ya rasu, mahaifin maƙwabcin ya rasu, su ne kuwa suka dasa iyakar ta fari. Dagaci ya yi ɗan tarinsa ya ce wa ke da shaida.

Yaya ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, a gabana aka dasa gambar nan. Ni na riƙe musu igiya. Ɗorawa ta ciki take, wajen gonar ƙanwata."

Maƙwabcin bai ko dube shi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shaidar wa? Ta mai duwatsu?"

Aka yi dariya, har Yaya ma ya yi murmushi. Ya ce, "Haba malam, ai wannan wasa ne."

"Wasa kuma? Wasa mun san shi. A kalankuwa ƙwaryar wofi kake ɗauka ka ce fura ce, mu duka mun san ba komai a ciki. Wannan fa? Audugar ta gaske ce ko ba ta gaske ba?"

"Ta gaske ce."

"Jakin na wa?"

"Nawa ne."

"Hannun da ya tura dutsen fa, aro ka yi?"

Dariya ta sake tashi, amma wannan karon ba kowa ya yi ba. Wani dattijo da ke kusa da dagaci, mutumin kirki wanda ya goyi Yaya yana yaro, ya ce a hankali, "Ɗana, ni ba na ƙin ka. Amma idona ya gani. Kuma gwamnati ce ta kawo abin, ta kira sunanka da na ubanka a lasifika gaban jama'a. Gwamnati za ta yi maka ƙage ne?" Shi da gaske yake, har ga Allah. Irinsa ban riƙe su a zuciya ba. Waɗanda na riƙe su ne masu sunkuyar da kai, waɗanda suka tsaya a bakin gonar ranar da ake ɗauka, suka ga Bature yana sa Yaya ya maimaita tura dutsen nan har sau huɗu. Suna nan zaune. Ba wanda ya ce uffan.

Ban taɓa magana a gaban maza haka ba, amma na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Duwatsun nan ni na tsinto su a bayan gida. Malamin majigi ne ya ce a kawo."

Maƙwabcin ya tafa hannu. "To kun ji! Ashe sana'ar gida ce. Ita ta tsinto, shi ya zuba, yau kuma shi zai yi mata shaida!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zo in ɗauke masa kaya na ƙara masa. Yaya ya waiwayo wajen zana ya ce, "Yi shiru, auta, ya isa." Sannan ya roƙi dagaci abu ɗaya, a tashi a je gonar. Dagaci ya ce ai ba nisa, a je.

Muka isa rana ta fara zafi. An share gonaki an ƙone, ƙasa fayau, ga sabon layin gamba, ga ɗorawa a bayansa. Yaya ya tsaya can nesa da kowa, ya tuɓe hularsa ya soke a aljihu. Ya karɓi sanda a hannun wani. Da ya juyo, wallahi ba yayana ne ya juyo ba. Kafaɗa ɗaya ta sauka. Ƙafar hagu tana ja, irin jan da kurkunu ya bar wa mahaifin maƙwabcin. Ya cusa harshe a leɓen ƙasa kamar mai taba a baki, ya tofar gefe, ya yi magana da wata shaƙaƙƙiyar murya da na manta na taɓa ji.

"Kai ɗan nan, ja igiyar mana, ko ba ka karya ba ne? Ja ta can. A'a, bar ɗorawa ta cikin naku. Me zan yi da ita? Ni daddawa ƙwarnafi take sa ni, ko a miya na ji warinta na fasa cin tuwon."

Wani tsoho ya ce, "La ilaha illallahu." Wani ya ce, "Haka yake faɗa kuwa, ba ya cin ta." Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ci gaba da ɗingishi, yana dogara sanda, yana caka ta a ƙasa duk bayan taku uku, ya zaga ta bayan bishiyar ya miƙe har bakin kwari. Maƙwabcin fuskarsa ta canza. Ya daka tsawa, "Bari! Ka bar ubana ya kwanta!"

Yaya ya miƙe tsaye, ya mayar da hularsa, ya koma shi. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Ranka ya daɗe, a tona inda na caka."

Aka kawo fartanya. Wuri na fari, ga tsohon tushen gamba, baƙi, wanda aka sare aka rufe da ƙasa. Na biyu haka. Na uku haka. Layi guda, miƙaƙƙe, ɗorawa tana ta cikin nawa. Maƙwabcin ya ce shi bai san komai ba, wataƙila 'yan ƙodago ne suka yi kuskure. Ba wanda ya kula shi.

Dagaci ya daɗe yana kallon ramukan. Ya yi tari. Ya ce bishiya ta yarinya ce, a mayar da gamba inda take. Zuciyata ta yi sanyi, na ce to an gama, yau an wanke Yaya. Sai dagaci ya juya ya dube shi ya ƙara da cewa, "Amma a sani, ƙasa ce ta ba da shaida, ba kai ba. Mutumin da zai iya zama kowa, har wanda ke kabari, ni ban san ranar da yake shi kansa ba. Ba zan ɗora hukunci a kan bakinka ba, yau ko gobe."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya nuna inda za a tona?"

Dagaci ya ce, "An gama magana."

Shekara nawa ke nan, amma har yau abin bai bar ni ba. Dagacin nan da yake aikawa a kira Yaya ya kwaikwaye shi, ya fi kowa sanin mene ne wasa. A gabansa aka tona, a gabansa gaskiya ta fito daidai inda Yaya ya ce. Abin da ya hana shi, ni a ganina, kada a ce dagaci ya karɓi shaidar mai duwatsu, a yi masa dariya a gaban hakimi. Ya zaɓi ya tsare rawaninsa ya zubar da mutuncin ɗan mutane. Ni kuma da aka ba bishiya, na tsaya riƙe da bakin mayafi ban ce komai ba. Haƙuri aka san ni da shi, har yabona ake yi a kai. Na ranar nan kam ban ga abin yabo a cikinsa ba.

A hanyar gida, da muka kusa, Yaya ya ce, "Auta, kin samu bishiyarki, alhamdu lillahi." Na ce, "Kai fa, Yaya?" Ya ce, "Ni ai kin ji."

Bai fi mako uku ba, ana jiran ruwan shuka, sai ga ɗan aiken dagaci, wani dattijon bafade, ya yi sallama a gidan Yaya. Ina tsakar gida ina taya matarsa sussuka, muna jin su. Bafaden ya ce hakimi zai zo ran kasuwa da baƙi daga Katsina, dagaci ya ce Yaya ya shirya ya yi musu wasa, musamman na duwatsun nan, don baƙin sun gani a majigi suna ta tambaya. Ya ce dagaci har ya gaya musu ɗan garinsa ne.

Yaya ya ce, "Baba, ɗan garinsa ne ni?"

"Af, to ɗan ina ne kai?"

"In na zo na ce wa baƙin barka da zuwa, za a yarda da gaske nake?"

Bafaden ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka rabo da shaƙiyanci. Me zan ce masa?"

"Ka ce na ji."

Tun ranar ɗaukar hoto malamin majigi ya gaya wa Yaya in ya ga dama ya zo Kaduna, akwai masu wasa a dandamali da gidan rediyo da ke neman irinsa. Yaya ya ce masa shi manomi ne, ina shi ina birni. A daren da bafaden ya zo, Yaya ya kira mijina ya danƙa masa gonarsa ya noma, ya ce iyalinsa su zauna wurinmu har ya samu ɗaki ya aiko. Na roƙe shi. Na ce mutane mantuwa gare su, shekara ɗaya biyu za a daina. Ya ce, "Auta, dariya a ko'ina zan samu mai yi mini. A nan wani abu nake da shi ban da ita, an karɓe. In zauna in yi me?"

Ran kasuwa da sassafe na raka shi bakin titi, da ƙunshin kayansa a ka. Motar itace mai zuwa Funtua ta tsaya, daga can zai hau jirgi. Ya hau baya ya zauna a kan kaya, bai yi mini ko wasa ɗaya ba, shi da ba ya rabuwa da mutum sai ya bar shi da dariya. Ya ce in kula da yara, ya ce in gai da mijina. Motar ta tashi.

Da azahar motar hakimi ta iso. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, aka jera wa baƙi kujeru, aka bar fili a tsakiya, har an tanadi buhun auduga da 'yan duwatsu a gefe. Jama'a ta taru, Maguzawa sun zo da matansu. Aka jira, aka jira. Can sai ga bafaden nan da sauri, yana haki, ya same ni ina tankaɗe. Ya ce, "Ke 'yar nan, ina yayanki? Baƙi na zaune, dagaci sai gumi yake!"

Na ajiye rariya na gaishe shi yadda ya kamata. Na ce, "Baba, ya tafi Kaduna tun da safe, kuma ba zai dawo noma ba. Ni na raka shi bakin titi, da idona na ga ya hau mota. Ka gaya wa dagaci haka, in ana karɓar shaidar 'yan gidanmu."